Farfesan Jami'a Uku da Makunnin Lauratu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ga ta.

A wata jami'a an yi wata ɗaliba, Lauratu Tasi'u, da ta shekara biyu tana zana 'yar na'urar da ke karɓar murya ta mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa. Aikin mataki-mataki ne. Kowane mataki ya auna nasa, sai amfilifaya ta ƙara wa abin da ya rage ƙarfi, ta miƙa wa na gaba. Lauratu ta lura rabin lokaci amfilifayar kowane mataki zaman kashe wando take yi, tana shan batir a banza. Sai ta sa guda ɗaya ta riƙa yi wa mataki biyu aiki, ta leƙa nan, ta leƙa can. A tsakani kuma ta dasa wani ɗan makunni da ke share ta kafin ta juya.

Ranar kare aiki ta zo. Mai jarrabawa na waje, Farfesa Ɗanjummai, sai da la'asar ya iso, babbar riga ta karkace, takardu cike da hammata, direbansa ko mota bai kashe ba. In bai sa hannu yau ba, Lauratu ba ta cikin masu fita bana.

Ya duba zanen sama-sama, ya ɗora yatsa a kan makunnin.

"Wannan ɗan tsakon fa, me yake ci a nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kamar injin markaɗe ne. In aka niƙa attaruhu, aka zuba geron kunu ba a ɗauraye ba, masu kunu za su sha da hawaye. Ita ma amfilifaya in ta baro matakin farko, ɓurɓushinsa yakan biyo ta zuwa na biyu, lissafi ya gurɓace. Shi wannan ɗauraya yake yi."

Malamin da ya duba mata aikin, Dakta Mamuda, ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Farfesa kuwa dariya ya yi har hularsa ta zame.

"Yarinya, kin kawo mana madafa cikin ilimi. Lalatacciyar amfilifaya ce ke buƙatar ɗauraya. Dube ni nan. Jami'a uku nake yi wa aiki. Da safe na jarraba wani a can, yanzu ga ni nan, gobe ina wata jihar. Wa ya taɓa ɗauraye ni?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To kin gani. Ki nuna mini ɓurɓushin nan ido da ido, in sa hannu yanzun nan. In ba haka ba, ki cire makunni, ki sake awo daga farko. Wata shida ya ishe ki."

Na'urar awon da za ta nuna ɓurɓushin tana can ɗakin gwaji, mai mabuɗin kuma ya tafi ɗaurin aure. Lauratu ta dubi Dakta Mamuda, shi kuma ya dubi fanka.

Direba ya danna ham daga waje. Farfesa ya leƙa agogo, ya gyara tabarau, ya fuskanci sakataren zama.

"Rubuta hukunci, sauri nake yi. Ɗalibi Habu Ɗan'azumi ya yi ƙoƙari, amma famfon ban ruwan da ya ƙera ba zai kai ruwa ƙarshen gona ba, sai ya ƙara faɗin bututu."

Sakatare ya tsaya da biro a sama. Dakta Mamuda ya cusa bakin rigarsa a baki don danne dariya, kafaɗunsa suna rawa.

Lauratu ta gyara mayafinta, ta zare biron daga hannun sakatare, ta rusuna ta miƙa wa Farfesa da hannu biyu.

"Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, Habu na matakin safe ne, ɓurɓushinsa ne ya biyo ka. Ga inda ake sa hannun."

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙone, ni dai na tashi.