Barmani da Likitan Cikin Waya

Gidan Malam Jatau mai gyaran keke mutum uku ne: shi, da matarsa Kande, da 'yarsu Barmani, ɗaliba a makarantar koyon aikin jinya. Yarinya ce mai kirki, sai dai duk abin da aka faɗa mata haka take ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Uban yana fama da ciwon sukari, ba shi da burin da ya wuce ya ga 'yarsa cikin fararen kaya.

Wata rana Malama Saude ta ce wa ɗalibai, "Kada ku yarda da bayanin lafiya na intanet sai kun gan shi a wuri uku." Barmani ta ga saƙo wai albasa a cikin safa tana maganin zazzaɓi. Goggonta ta turo, kawunta ya turo, maƙwabciya ma ta turo. Uku cif. Ta kai maganar gaban aji, har da albasar. Aka yi ta dariya, ita kuwa baiwar Allah tana ƙirga yatsu, ta rasa inda ta kuskure.

Wata rana Malama ta ce, "Ku duba kwanan wata, sabon bayani ya fi tsoho." Barmani ta rufe littattafanta, sai abin da aka wallafa da safiyar ranar take karantawa. Ta faɗi gwaji warwas. Aka ce in ta sake faɗuwa, sai gida.

Wata rana Malama ta ce, "Kafin ku yarda, ku san wanda ya yi maganar." A makon nan Malam Tanko, abokin babanta mai irin ciwonsa, ya kawo bidiyon wani mai farar riga yana cewa a bar ƙwayar asibiti a sha jiƙonsa.

"Baba, kada ka sha sai na san shi," in ji Barmani.

Ta hau mota ta bi adireshin har birni. Ta tarar da mutumin a bakin tasha yana ɗura jiƙo a gorar lemo, farar rigar tana rataye a ƙusa. Ranar kuwa ake jarrabawa. Aka sallame ta.

Malam Jatau ya ci gaba da shan ƙwayarsa. Malam Tanko ya ce shirmen Barmani ne, ya bar ƙwayarsa ya koma shan jiƙo, bayan wata biyu aka kai shi makwanci.

Da labari ya kai wa Malama Saude, sai ta ce, "Ɗalibai sittin na faɗa wa, ita kaɗai ta je ta duba." Amma an riga an cire sunan.

Har yau Barmani ce ke miƙa wa babanta magani kowace safiya. Fararen kayan suna ninke a ƙasan akwati.