Yadda Ake Buɗe Murfin Matatar Ruwa a Gaban Suruki

Idan ka bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari murfin zai buɗu. Ni nawa ya buɗu, kuma ina da shaidu.

1. Ka tsoma baki

Kai da matarka kun je gaida surukinka. Ruwan kwamin ninkayar gidansa ya koma kore shar. Ya ce murfin tukunyar da ke tace ruwan ne ya ƙi buɗuwa, gobe zai kira mai gyara. Maza ka ce, "Haba Baba, ina zaune?" Matarka za ta take maka ƙafa. Alfahari take yi da kai.

2. Ka nuna sani

Zagaya tukunyar, hannu a baya. Ƙwanƙwasa ta, kasa kunne, ka ce "Uhum." Kada ka kashe injin da ke tura ruwa cikinta. Ƙuginsa ne zai rufe nishinka.

3. Ka murɗa

Murɗa dama. In ya ƙi, murɗa hagu. In ka ji wani abu ya ce ƙas, kada ka yi murna, ƙugunka ne.

4. Ka nemi kayan aiki

Aika a kawo maka sabulu, man girki da tawul. Murfin zai ci gaba da zama daram, amma yanzu ga santsi. Idan surukarka ta leƙo ta taga ta ce, "Bawan Allah, ka bar shi haka nan, abinci na hucewa," ka ce saura ƙiris.

5. Ka ƙi shawara

Baba zai ce, "Na ga kamar mai gyaran kan kashe inji, ya saki iska ta ɗan bututun nan tukuna." Ka yi murmushi cikin ladabi: "Ai wannan tsohon yayi ne, Baba. Matso ka ga yadda ake yi." Zai matso, da fararen kayansa.

6. Guduma

Bugu ɗaya ya isa. Murfin zai tashi sama kamar an harba shi, ya faɗa can wajen da kwamin ya fi zurfi. Duk gansakukar da ke cikin tukunyar kuwa, a jikin Baba za ta sauka. Zai cire tabarau, ya goge a hankali, ya dubi 'yarsa ya ce, "Uwata, mijin naki ya buɗe."

7. Ka faɗi gaskiya, amma a makare

Sai ya nuna ƙarƙashin ruwan: "To, shiga ka ɗauko mana." A nan ne za ka sanar da shi ba ka iya ruwa ba.

Gargaɗi: duk wanda ya jaraba, ya karya ƙugu ko ya zubar da girmansa, shi ya jiyo, babu hannuna. Ni dai aurena na nan, Baba ma ya yafe. Illa iyaka har yau in na je gidan, ko lemon kwalba aka kawo min, a buɗe ake kawo shi.