Alkamar Aljihun Hagu

"Gajiya ta bi lafiya, 'Yar Sikeli. Yaya aikin cutar manoma?"

"Muna fama, Ango. Wa ya tsallako da kai titi?"

Haka suka gaisa da hantsi a ɗakin awo na kamfanin niƙa. Tsohon kakanta ne na wajen uwa, shekararsa hamsin yana noman alkama. Ita kuwa ita ce mai duba hatsi ta yanke masa lamba kafin kamfani ya saya. Tun tana tatata take ce masa Ango, shi kuma ranar da ta samu aikin nan ya laƙaba mata 'Yar Sikeli, sunan ya bi ta har gida.

Ya shigo yana taƙama, amma da damuwa a ransa. A da hukuma ce kaɗai ke sayen alkama, farashi ɗaya ga mai kyau da marar kyau, ka kai, ka karɓa, ka ja bakinka. Yanzu an saki kasuwa, masu saye uku ne a titi ɗaya, kowa da allon farashinsa. Lokacin girbi farashi ya faɗi warwas, maƙwabta suka sayar, shi ya kulle buhu arba'in a sito ya ce sai ta yi daraja. Wata uku ana yi masa dariya. To ga darajar ta zo, sai dai hadari ya fara haɗuwa, rufin siton kuma yana yoyo. In aka ce alkamarsa ta sha danshi, lamba biyu za a ba ta, jiran ya tashi a banza, maƙwabta su samu abin faɗa har baɗi.

Ya ɗan jingina da buhunan da ke bakin ƙofa kamar mai hutar da gwiwa, sannan ya ƙaraso gaban teburinta.

"Na ji an ce sitonka ya zama wurin wanka," in ji ta.

"Ni kuma na ji an ce injinku kwana biyu iska yake niƙawa."

"Wa ya gaya maka?"

"Uwarki. Kin manta 'yata ce kafin ta zama uwarki?"

"Za mu haɗu da ita. To, me ka kawo mana? Ko bara ka zo?"

"Ni da na zo ceton aikinki? Na can tsallake har kujera ya ba ni, da shayi. Tausayinki ne ya kawo ni, kada a kore ki ki dawo kaina."

Ya sa hannu a aljihun dama ya damƙo alkama ya zuba mata a faranti. Ta baza ta da yatsa, ta yamutsa fuska, ta tambaye shi alkama ce wannan ko tsakuwa ce ta yi jinya. Ta ce kaji ma sai an roƙe su kafin su kalle ta, ta ce da gani shekarun mai ita ta ɗauko. Ya bar ta ta ƙare tas, yana gyaɗa kai kamar wanda ake yi wa nasiha.

"Lamba nawa ke nan?"

"Don darajar aurenmu, biyu."

"Ki ƙara dubawa."

"Ko da tabaranka na duba, biyu ce."

Sai ya juya ga 'yan dako biyu da ke hutawa a kan benci, ya ce su zama shaida sun ji da kunnensu. Suka ce sun ji. Ya ɗaga sandarsa ya nuna buhun da ya jingina da shi ɗazu, wanda bakinsa ke buɗe, ga hatiminta ɗanye a jiki: lamba ɗaya.

"Daga can na ɗebo ta. Taki ce, jiya kika saya."

'Yan dako suka kwashe da dariya, har ɗaya ya zamo daga benci. Ta ce ai aljihunsa ne ya ɓata ta, aljihun da rabonsa da sabulu tun zamanin hukuma. Ya ce ya yarda, amma yanzu ya san kuɗin bakinta, saura ya ji na haƙorinta.

Ya sa hannu a aljihun hagu. Ya zube tasa alkamar a gefen faranti, ja-ja, ƙwaya cike. Ta miƙa hannu za ta ɗauko na'urar gwada danshi, ya tare ta da sanda.

"Ajiye rediyon nan tukuna. Yi yadda na koya miki."

Tana 'yar shekara shida ya koya mata a masussuka: ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza, in ta lanƙwashe da sauranta, in ta fashe ta bushe. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Ƙas. Har bakin ƙofa an ji. Ta ɗauki ta biyu, ta uku, duk haka. Sannan ta zuba a na'urar, na'urar ma ta bi bayan haƙori.

"Lamba ɗaya ce," ta faɗa a hankali, ba zolaya a ciki. "Bana ban ga irinta ba."

Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa sandarsa. Amma bai yarda ya nuna ba. Ya ce farashin allo na masu gaggawa ne, shi ya yi jiran wata uku, na tsallake kuma har yanzu shayinsa bai huce ba. Ta harare shi ta shige ofishin manaja da farantin. Da ta fito, ta ce an ɗora masa a kan na allo, kuma motar kamfani za ta kwashe buhunan yau, kafin sama ta yi masa wanka.

"Gaban mota zan zauna," in ji shi. "Kuma direba ya yi hon a ƙofar kowane maƙwabci."

"Za a yi. Amma gaya mini, Ango, tunda ka san ta bushe haka, gumin me kake yi tun shigowarka?"

Ya buɗe mata baki ta gani, dasashi fayau, sai haƙori ɗaya can gefe yana gadi.

"Shekara biyu rabona da jin ƙarar nan a bakina. Kullum sai na shiga sito na tauna, ba ta gaya mini komai. Ban sani ba sai yanzu da na ji a naki."

Idonta ya ciko. Ta share da gefen mayafi, ta ce ƙurar gari ce.

"Ashe aron haƙori ka zo."

"Wane aro? Nawa ne. Ajiya na ba ki."

Ta yi dariya har ta dafa sikeli. "Ka ci, tsoho," in ji ta, ta ɗauko hatimi ta miƙa masa. "Ungo, ka buga wa buhunanka da hannunka."