Shayar Gidan Haladu

Wani mutum ne a nan Funtuwa, Haladu dillalin babura. Wallahi in cika baki sana'a ce, da tuni ya gina bene. Kaza zai yanka a gidansa, kafin labari ya iso majalisa ta zama rago. Ya taɓa zuwa Abuja sau ɗaya a motar haya, amma in yana ba ka labari sai ka rantse da shi aka zana garin.

Mutum ɗaya ne bakin Haladu bai taɓa ci ba, wato surukinsa Alhaji Mudi, mahaifin matarsa Barira. Tsoho ne manomi, mai gajeren zance. Duk ƙaryar arzikin da Haladu zai zuba, sai tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To." Shi ke nan. Abin nan yana ci wa Haladu rai ƙwarai. Ba shi da buri a duniya irin ranar da zai burge tsohon nan.

Ana nan sai ya ɗauki adashe. Ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya ce, "Barira, banɗakin nan zan gyara. Irin na otal. Tayil har sama, madubi mai fitila, ga shaya ta wanka mai faɗin faranti."

Ta ce, "Malam, unguwar da famfo bai taɓa kawo ruwa ba? A fara sayen tanki dai a ɗora a sama, 'yan garuwa su riƙa cikawa. Abin da ya rage sai a yi ado da shi."

"Tanki? Baƙar robar nan da kowane gida ke da ita? Wa ya taɓa shiga gidan mutum ya yaba tanki? Ke ba ki san kasafi ba. Abin da ido ke gani shi ake fara saye."

Haka kuwa aka yi. Ya je kasuwa, aka nuna masa tayil mai sauƙi, ya ce raini ne. Ya ɗauki mai tsada. Ya ga madubi, ya ce a sa. Ya ga wani ƙarfen rataye tawul mai ruwan gwal, ya ce a sa biyu. Mai aikin famfo ya kafa shaya, ya ja bututu ya fito da shi ta saman rufi, daidai katangar da ta raba gidan da na maƙwabcinsa Malam Jafaru, inda za a ɗora tanki. Da aka zo kan tankin, Haladu ya laluba aljihu ya ji wayam. Ya ce a bar bututun haka, tankinsa na musamman ne, daga Legas za a kawo.

Banɗaki fa ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai ko ɗigo ba ya fita. Da bokiti da kofi ake wanka kamar da, a ƙarƙashin shaya mai faɗin faranti. Wannan bai hana Haladu ɗebo 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana kai su kallo ba. In wani ya kai hannu zai murɗa, sai ya yi caraf ya riƙe shi. "A'a! Ƙarfin ruwan zai jiƙa maka riga." Har waya ya buga ƙauye. "Baba, ai yanzu mu ruwa daga sama yake zubo mana. Mai ɗumi ma, in mutum ya so."

Tsoho ya ce, "To."

Ba a rufa mako ba sai ga Alhaji Mudi da 'yar jakarsa, ya zo ganin likitan ido, zai ɗan kwana biyu. Ko gama gaisawa ba a yi ba ya ce, "Malam Haladu, ina ruwan nan mai zubowa daga sama? Da safe zan gwada. Mai ɗumin nake so, ka san ƙashin tsufa."

Haladu ya miƙe. Ya ja Barira kicin yana zare ido.

Ta ce, "Ka faɗa masa gaskiya mana. Baba ne fa."

"In faɗa wa wa? Gara a ce na mutu! Ki dafa ruwa kawai ki sirka a jarka. In ya shiga ya rufe ƙofa, ki buga murfin tukunya."

Da safe ya jingina tsani a bayan banɗaki, ya saɓa jarka a kafaɗa, ya haye katanga da mazurari a aljihu. Ƙwal! Barira ta buga murfi. Ya soka mazurari a bakin bututu ya tuntsura jarka. Ɓul-ɓul-ɓul! Can ciki sai ga ruwa shaaa! Ya jiyo tsoho yana cewa, "Ikon Allah!" Haladu a saman katanga baki har kunne, saura kaɗan ya faɗo don daɗi.

Matsalar ita ce tsohon ya ji daɗin abin fiye da kima. Mutumin da a ƙauye rabin bokiti ke isarsa, yanzu in ya shiga sai ya manta da fita. Wankan safe, wankan azahar, wani lokaci har da na la'asar. Haladu ya daina fita kasuwa. Kafaɗa ta kumbura, ƙugu ya riƙe, 'yan garuwa kuwa suka mai da ƙofar gidansa tasha. Duk da haka in sun zauna cin abinci sai ya gyara murya ya ce, "Baba, ai injin ne mai ƙarfi."

To ka san al'adarmu. Namiji ba ya hawa katanga ko rufi a cikin unguwa sai ya aika maƙwabta, ko ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Ko mai gyaran kwano ya san wannan. Haladu ma ya sani sarai. Amma ya zai yi shela, surukinsa na ƙasansa yana saɓa sabulu? Sai ya riƙa hawa a sace, yana raɓewa kamar ƙadangare.

Ranar da dubu ta cika, da hantsi ne. Gambo matar Malam Jafaru ta fito tsakar gida da ɗaurin ƙirji za ta shanya wanki. Ta ɗaga kai, sai ga ƙato tsugune a kan katangarsu, ya sunkuyar da kai yana muzurai.

"Wayyo Allah! Kwarto! Jama'a ku kawo ɗauki, kwarto!"

Haladu ya zabura. Jarka ta suɓuce, tim! a tsakar gidan Jafaru. Ya juya neman tsani, ƙafarsa ta ture shi, ƙarararas! Kafin ka ce me, lungu ya cika. Malam Jafaru ya fito da taɓarya. 'Yan majalisa suka sheƙo a guje, wani da takalmi ɗaya. Aka janyo Haladu ta ƙafar wando, ya dira ƙasa daɓas, aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙofar gidansa, inda mai unguwa ya riga ya iso yana gyara rawani.

Jafaru yana huci ya ce, "Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, ashe leƙen iyalina kake yi?"

"Wallahi Malam Jafaru ba haka ba ne!"

Mai unguwa ya ce, "To yaya ne? Me ya kai magidanci kamarka saman katangar mutane ba sanarwa?"

Haladu ya waiga. Ya dubi taɓarya, ya dubi 'yan majalisa. Ya ce iska yake sha. Aka yi masa caa! Ya ce eriya yake gyarawa. Wani ya ce gidan ba eriya. Jafaru ya ɗaga taɓarya, mai unguwa ya ce a kira 'yan sanda kawai.

Daidai nan ƙofar gida ta buɗe. Sai ga Alhaji Mudi, ɗaure da tawul, kumfa tun daga kai har gemu, ido a rufe gam, yana laluben bango.

"Malam Haladu! Kana ina? Injin nan naka ya tsaya."

Mai unguwa ya dubi tsoho, ya dubi mazurarin da har yanzu ke hannun Haladu.

"Haladu, ina tankin gidan nan?"

Haladu ya sunkuyar da kai. Murya can ƙasa, kamar ta mai jinya, ya ce, "Ranka ya daɗe... ni ne."

"Kai ne me? Ɗaga murya jama'a su ji!"

"Ni ne tankin."

Lungu ya kece da dariya. Wani ɗan majalisa har da faɗuwa ƙasa yana riƙe ciki, Jafaru kansa sai da ya jingina da taɓaryarsa. Alhaji Mudi dai bai yi dariya ba. Ya sa yatsa ya share kumfa daga ido ɗaya, ya ƙare wa surukinsa kallo, sannan ya juya wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, in kun gama da shi, a taimaka a mayar min da shi sama. Ban ɗauraye ba."