Tsakar Dokta a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na je gaida mahaifin Zuwaira da tsaka a aljihuna, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ina aiki a sarbis ɗin kiwo na nan Dakoro, ƙarƙashin wata likitar dabbobi da muke kira Dokta Rakiya. Daga wajen karatu ta dawo da wata irin tsaka ta ƙasar waje, rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi da wutsiya ƙatuwa, ta raɗa mata suna Damisa. A cikin akwatin gilashi take ajiye ta a biro, wato ofishinmu. Kowa na tsallake kusurwar nan yana a'uziyya, ni kuwa don neman suna nakan tsaya in yaba kyanta (alhali ko ƙadangare ya faɗo mini sai na yi kwana biyu ina waige).

Da rigakafin dabbobi ya kai ta Azagor na kwana ukku, cikin tsakiyar sanyi, sai ta bar mini amanar Damisa. Ta yi mini bayani cewa wannan halitta ba ta da ɗumin jiki nata na kanta. Akwai wani faifai mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, a ƙarƙashin gefe ɗaya na akwatin, yana riƙe ƙasan wajen a kan digiri talatin da biyu don cikinta ya narkar da abinci, ɗaya gefen kuma a bar shi da sanyi-sanyi, ta zaɓi inda take so. Ta fara cewa, "Idan kuma aka yanke kuran..." sai na katse ta, na ce haba Dokta, shekarata nawa cikin dabbobi.

Rana ta biyu ita ce ranar da Alhaji, mahaifin Zuwaira, yarinyar da nake nema, ya ce a kawo ni garinsu Ɗan Gulbi ya gan ni da idonsa. Na sha babbar riga na biya ta biro da sassafe, na tarar babu kuran, faifai ya yi sanyi ƙalau, ma'aunin zafi yana kan sha bakwai. Damisa na kwance kamar an sassaƙa ta da itace. Kawu Idi, wanda zai raka ni, yana waje bisa moto yana ta danna oda.

Nan na yi lissafi irin na masu ilimi: abin da take nema talatin da biyu, jikina kuwa talatin da bakwai. Na naɗe ta a hankici, na zura a aljihun ƙirji na 'yar ciki, na fito ina jin kaina gwani.

Lissafin ya yi aiki, kuma nan matsalar take.

A zaure muka sami Alhaji da ƙannensa biyu da limamin unguwa. Aka gaisa, aka kawo fura, na durƙusa na sunkuyar da kai kamar wanda bai taɓa kashe ko sauro ba. Kawu ya shiga zuba yabona, wai yaro ne mai natsuwa, ba shi da ɓoye-ɓoye. Daidai nan na ji ƙananan farata suna hawa ƙirjina. Na danne wajen da tafin hannu. Liman ya ga haka ya gyaɗa kai, ya ɗauka tsoron Allah ne ya kama ni.

Sai aka ce a yi addu'a, dole na ɗaga hannu biyu.

Kafin a kai ga shafawa Damisa ta fito ta wuyan rigata, ta zauna a kafaɗata, ta dubi Alhaji ta lashe baki. Ɗaya daga cikin ƙannen ya yi wuf ya rufe ƙwaryar fura, ɗayan ya ciro takalmi. Kawu Idi, wanda ya goye ni ina jariri, ya ja da baya har ya bar tabarma. Ni kuma da na ga takalmi a sama, na cafke ta ta wutsiya. Wutsiyar ta guntule ta faɗi gaban Alhaji tana ta mutsu-mutsu ita kaɗai, sauran tsakar kuwa ta koma cikin rigata.

Abin da bakina ya iya furtawa shi ne, "Ba tawa ba ce, ta wata mata ce."

Sai aka jiyo dariyar mata da ake dannewa a bayan katanga. Alhaji ya daɗe yana kallon wutsiyar, sannan ya juya wajen Kawu ya ce, "Malam Idi, cikin su biyun wane ne mai neman auren?"

Sati ukku aka yi ana bincike a kaina, ko boka ne ni, ko asirin mallaka na kawo. Sai da Dokta ta je da kanta ta yi bayani aka yarda wauta ce zalla, abin da Alhaji ya ce ya fi sauƙin zama da shi. A hanyar dawowa ta ƙarasa mini maganar da na katse: kwalba za ka cika da ruwan ɗumi, ka naɗe da tsumma, ka jingina a gefen akwatin. Wutsiyar Damisa ta sake tsirowa, gajera mai kama da dankali, kuma Dokta ba ta sake bar mini ko makullin biro ba.

An ɗaura auren dai. Yanzu 'ya'yanmu biyu, amma har yau in na shiga Ɗan Gulbi sai in ga mata suna jawo faifai suna rufe kwanoni. Abin da na koya shi ne, in za ka je gaban surukai da sirri a aljihu, ka fara tabbatarwa ba shi da ƙafafu.