Ranar da Suda ta Kawo wa Mai Kunne Kunne

"Ina kwana na ce, Ango, ba ina kwano ba."

Tsohon ya riga ya miƙo mata kwanon da ke gefen tabarmarsa. Ya dubi kwanon, ya dubi jikarsa da ke tsaye a bakin ƙofa tana kakkaɓe raɓa daga zanenta, ya gane ya sake yi. Amma bai janye hannu ba.

"Na ji ki sarai. Wankewa za ki yi. Matar kirki da aiki take fara gaisuwa."

"Matar wa? Ni na sake ka tun bara, kai ne dai labarin bai shiga kunnenka ba."

Ya yi dariya daidai inda ya ga bakinta ya tsaya. Rabin maganar ya ji, rabin kuma a leɓɓanta ya tsinta, kamar yadda yake yi da kowa yanzu.

Shekara da shekaru yana jagorar baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye a gandun dajin da ke kan dutse. Daji ne mai duhu, itatuwa sun haɗe kai ta sama, ido ba ya samun tsuntsu sai kunne ya fara nuna masa reshe. Shi ya sa ma'aikatan gandun suke ce masa Mai Kunne, har sunansa na yanka ya ɓace. Ita kuwa 'yar babbar 'yarsa ce, tela a gari, tun tana rarrafe ya laƙaba mata Suda saboda bakinta ba ya hutawa.

Ya daɗe yana kai wa manajan gandun ƙara cewa ƙananan tsuntsaye suna barin dajin. Ya ɗora laifin a kan masu saran itace, ya ɗora a kan masu kiwo. Sai a farkon daminar nan, yana gaba baƙi suna biye, wata dattijuwa ta dafa kafaɗarsa ta nuna sama, tana tambayarsa wane tsuntsu ne wannan mai daɗin murya. Ya tsaya, ya karkata kai. Shiru. Ya dubi sauran baƙin, duk sun ɗaga fuska wuri ɗaya suna murmushi. A nan ya gane babu tsuntsun da ya bar dajin.

Manaja bai ci masa fuska ba. Ya zaunar da shi, ya yabe shi, ya ce lokacin hutu ya yi. Sannan ya ƙara da cewa ɗakin da yake ciki na ma'aikata ne, sabon jagora yana tafe da iyalinsa. Tun daga ranar Suda take fama da shi ya biyo ta gari, yana cewa shi ba zai zauna a gidan ƙaton da ya ƙwace masa mata ba.

Yau da wani ɗan akwati ta zo, ƙarami kamar na zobe. Ta durƙusa a gabansa ta buɗe. Na'urar ji ce, wadda likitan da ta kai shi wurinsa ya ce a jira.

"Ga kunne na sayo maka, tunda naka ka sayar."

"Wannan ƙwaron? Ni za ki cusa wa ƙwaro a ka don ki gaje ni?"

"In gaji me? Tabarma, da takalmi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsufa?"

"Takalmin nan ya hau inda mijinki ko a mafarki ba zai hau ba. Na ji an ce matakalar gidanku ma sai ya huta a tsakiya."

"An ce? Wa ya ce ka ji?"

Wannan ta shige shi, ya kuma ga ita ma ta ji ta yi nisa, don ta sunkuyar da kai tana ta juya batir ɗin. Ya miƙa mata kunne ba tare da ta sake roƙo ba. Yatsunta da sanyi. Ta saka, ta murɗa wani abu, sai wani ƙara ya tsaga masa kai, ya lafa, sannan ɗakin ya dawo. Ya ji kwanon rufi yana ƙas-ƙas da zafin hantsi. Ya ji awarwaronta. Ya ji numfashinsa, wanda bai san ya koma irin na tsohon jaki ba.

"Kana ji na?"

"Kaicona. Ashe muryarki ta ƙara muni na huta ban sani ba."

Ya tashi ya jawo takalminsa. Ta ce ya bari kunnen ya saba tukuna, likita ya ce abin na maganar mutane ne, bai yi alkawarin komai ba bayan wannan. Ya ce likita bai taɓa hawa dutsen nan ba. Ya ce in ya ji kukan 'yar tsuntsuwar nan tsada da ƙwaron nan, manaja da kansa zai zo ƙofar nan ya ba shi haƙuri, sabon jagora kuma ya nemi ɗaki a gaba.

"In kuma ba ka ji ba?"

"Sai in bi ki gari, ki ɗaure ni a ƙafar keken ɗinki."

"Ka faɗa da bakinka, kuma yau ka ji abin da ka faɗa."

Suka bi ta bayan ɗakunan ma'aikata, suka wuce rumfar da baƙi ke jiran jagora, suka kama hanyar da ke hawa zuwa rafi. Yana gaba da sandarsa, tana baya tana haki, tana cewa da ta san auren tsoho hawan dutse ne da ta auri mai shago. Ya ce ai mai shagon ya zo, ya gan ta, ya rufe shagon ya bar gari. Ta ce ƙarya yake yi, shi ne ya bi mutumin da sanda saboda ya san in ta tafi babu mai kallonsa ko a kyauta. Ya ce a zamaninsa 'yan mata har layi suke yi a ƙofar gandun nan. Ta ce ai birai ne, idon ma tun lokacin yake ha'intarsa.

Da suka shiga inuwar manyan itatuwa sai ya ɗaga mata hannu, irin ɗagawar da yake yi wa baƙi, ta yi shiru.

Dajin ya zubo masa a ka gaba ɗaya. Ganyen da yake takawa kamar ana yaga buhu. Rafin kamar babbar mota tana hawa gada. Can ƙasa ya ji kurciya, ya ji ragon maza yana ta bulbularsa a cikin ciyayi, daga nesa kuma burtu. Har ya fara murna, sai ya tuna waɗannan masu kaurin murya ne, ko jiya ma yana jin su sama-sama. Ba su ya zo nema ba.

Ya kai ta wurin da ya fi sani, inda wata itaciya ta faɗi ta buɗe wa rana ƙofa, furanni suka cika wurin. Suka zauna a kan gungumen. Ya rufe ido, ya juya kai hagu, ya juya dama. Ya ce ta ƙara. Ta murɗa, rafin ya ƙara ruri. Ya ce ta ƙara. Na'urar ta yi wani fito mai zafi har ya dafe kai, ta yi sauri ta rage.

Da ya buɗe ido sai ga sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan furanni, a kan reshe, kusa da shi har zai iya jifansa da hula. Ƙirjinsa yana ƙyalli a rana. Ya ɗaga baki sama, ya buɗe, maƙogwaronsa yana kaɗawa, duk jikinsa yana rawa da ƙarfin abin da yake fitarwa. Mai Kunne ya san wannan kukan fiye da yadda ya san muryar 'ya'yansa. Ya zuba masa ido yana jira. Bakin yana buɗewa yana rufewa kamar na kifi a ruwa.

"Kuka yake yi?"

Suda ta buɗe baki, ya ga ƙaryar tana tahowa, ya tare ta.

"Ke da ba ki iya ɗinki ba, kar ki ce za ki iya ƙarya."

"Yana yi," ta ce.

"Shi kaɗai?"

Ta ɗaga kai ta dubi rassan, ta daɗe.

"Ko'ina, Kaka. Kamar kasuwa."

Rabon da ta kira shi Kaka tun ranar da aka binne kakarta. Ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da kallon tsuntsun har ya gama abin da yake yi ya tashi. Ya yi ƙoƙarin tuno kukan a ransa, ya samo farkonsa, ƙarshen ya ƙi zuwa. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. Ya zaci ko kunne ya tafi, abin da ya tara a ciki nasa ne har kabari. Ashe shi ma sai ana zuba masa sabo kullum, in ba haka ba ya tsiyaye.

Tururuwa ta hau ƙafarsa bai kore ta ba. Ya yi tunanin ɗakin da za a ba shi a gari, da tagar da ke kallon katangar maƙwabta, da yadda za a riƙa fito da shi da safe a mayar da shi da yamma kamar shanya.

Can Suda ta share hanci da bakin mayafi, ta gyara zama, ta ce ai ita ta ji abin da tsuntsun ya faɗa, in yana so ta fassara masa. Ta ce cewa ya yi, wane ne wannan mummunan tsoho da ya hana su sakewa shekara da shekaru, yana kawo musu mutane suna leƙensu ko wanka suke yi. Ta ce tsada kuma ta amsa daga can cewa a yi haƙuri, an kusa kwashe shi.

"Tsada ba ta da rashin kunya irin taki."

"To ga yadda ta faɗa, tunda musu za ka yi."

Ta tsuke baki, ta kumbura kumatu, ta hura. Abin da ya fito ba fito ba ne, wata iska ce mai haɗe da yawu, na'urar kuma ta ɗauke ta ta ninka ta zuba masa a ka kamar tayar keke ta fashe. Ta sake gwadawa, ya fi na farko lalacewa.

Dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har ya dafa gungumen, har tari ya sarƙe shi, har ruwa ya gangaro masa ta gefen hanci ya shiga gemu. Suda ta juya kai tana gyaran ɗankwali, ta bar shi ya gama.

"Duk dajin nan," ya ce yana share fuska da hula, "tsuntsu ɗaya Allah ya bar mini, shi ma wanda bai iya kuka ba."

"Shi ne dai zai ciyar da kai."

"Kin ci, Suda. Ki je ki ɗaure kayan. Ki ce wa ƙaton nan ya share ɗaki, mai matar yana tafe."

Ya miƙa mata hannu ta tashe shi. Wannan karon ita ce a gaba, yana biye, idonsa a kan hanya.