Yadda Za Ka Shugabanci Ƙungiyar Tausayin Dabbobi Ba Tare da An Taɓa Muzurunka Ba

Na san damuwarka. Kana son a riƙa ce maka Shugaba, kana son a ce duk unguwa babu mai tausayin dabba irinka, amma a gidanka akwai muzurun da rabin 'ya'yan kyanwar da ke kuka cikin kwalbati jininsa ne. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin abu biyu: kujerarka za ta zauna daram, muzurunka kuma zai ci gaba da yawonsa da kayansa cif.

Ba a littafi na karanto ba. Wani mai shagon fenti ne ya gwada, mutum mai tumbi da furfura a gefen kunne, sa'ana ne, takalminmu ma lamba ɗaya. Za mu kira shi Shugaba, tunda abin da ya fi so ke nan. Muzurunsa kuwa Kanar ake ce masa: ja da fari, kai kamar tukunya, ƙarshen wutsiyarsa a lanƙwashe kamar ƙugiyar rataye riga. Riƙe wutsiyar nan a ranka.

Mataki na 1: Kafa ƙungiyar kafin wani ya riga ka

Idan ka ji unguwa ta fara gunaguni, kada ka tsaya a zo a tambaye ka. A layin su Shugaba, 'ya'yan kyanwa sun cika ko'ina: ƙarƙashin motoci, bayan janareto, cikin kwata. Tela, wanda shagonsa ke kallon na Shugaba, ya zura hannu cikin buhun ƙyallaye zai ɗauko abin faci, ya ciro ɗan kyanwa idonsa duk ruwa. Washegari ya ciro biyu, ɗaya ba rai.

Shugaba bai ɓata lokaci ba. Ya fito da benci uku ƙarƙashin rumfar shagonsa, ya aika a kira maƙwabta. Ka lura da wannan: a kowane taro, mai benci ba a tuhumarsa, zaɓensa ake yi. Kafin la'asar an kafa ƙungiya, an ɗauki hoto, Shugaba a tsakiya yana riƙe da ɗan kyanwar Tela da yatsu biyu, nesa da rigarsa.

Mataki na 2: Ka ce "dabbobi", kada ka ce "muzuru"

Tausayin dabbobi gaba ɗaya ba ya cin komai, kuma ba ya yakushi. Wahala tana farawa ne idan aka sauko kan dabba ɗaya mai suna da adireshi.

Gayyato likitar dabbobi, don ƙungiya ta yi kama da ta gaske. Amma ka sani, irin waɗannan mutane suna da mummunar ɗabi'ar faɗin abin da za a yi. Likitar da Shugaba ya gayyato tana da ɗan asibiti a bayan kemis, ɗaki biyu, teburin ƙarfe da sikeli, ko'ina warin maganin goge ƙasa. Ta zo da tabon farce a hannayenta, ta ƙi zama.

"Ba dogon bayani ba ne," in ji Likita. "Allurar rigakafi ga kowa, muzurai kuma a dandaƙe su. Allurar barci zan yi masa, aikin 'yan mintoci ne, da yamma yana gida. Asabar ɗin ƙarshen wata na ba ku ita kyauta. Naku aikin biyu ne, kuma su ne masu wuyar: ku kama shi, sannan ku hana shi abinci tun magaribar Juma'a. Da ciki cike ba na taɓa shi."

A nan, ka riga kowa tafi. Shugaba ya tafa har tafinsa ya yi ja. Mai tafi da ƙarfi ba a kallon fuskarsa.

Mataki na 3: Shirya amsar cikin gida

Jama'ar waje masu sauƙi ne. Haɗarin yana falo.

"Na ji an yi sabon shugaba," in ji matarsa, tana ninke wanki cikin babban kwandon roba. "Da Kanar za a fara ke nan."

"Kanar ba ya fita."

"Ba ya fita? To a kan kujerar nan kunnensa ya yage?"

"Ke dai ba kya son dabbar nan."

"Ni nake ba shi abinci, maigida. Ni nake kwashe abin da ya bari. Da zan iya kama shi, da tuni an wuce wajen. Kai kaɗai yake yarda ka ɗauka, kai kuma ga ka nan."

Kada ka faɗa mata ainihin dalilin, don ba ya faɗuwa. A gidan nan kaf, Kanar ne kaɗai ke fita ba a ce masa "ina za ka?", ya dawo bayan kwana uku da kunne a yage, a tarbe shi da kwano. Shugaba kuwa ko shago zai tafi sai an bi shi ƙofa da saƙon albasa da sabulu. Idan ya ga Kanar ya haura katanga, wutsiya a sama, sai ya ji kamar wani ɓangare nasa ne ya samu fita. Kada ka tambaye ni yadda na san abin da ke cikin ransa.

Mataki na 4: Ƙirƙiro baƙon muzuru

Kowace ɓarna tana buƙatar mai laifi, kuma mafi kyawun mai laifi shi ne wanda ba shi da mai shi. Shugaba ya sanar a taro na biyu cewa akwai wani ƙaton baƙin muzuru da ke tsallako titi daga wata unguwa. Ya ce da idonsa ya gan shi. Aka kafa kwamitin bincike na mutum biyar, aka sake ɗaukar hoto. Makaniken layin ya rantse shi ma ya gan shi. A kowace unguwa akwai mai ganin duk abin da shugaba ya gani.

Tela ne kawai bai gyaɗa kai ba. Mutum ne da ya shekara talatin yana awon mutane, idonsa ba ya wuce karkata.

"Ranka ya daɗe," ya ce, yana cizon zare, "baƙon nan shi ma wutsiyarsa a lanƙwashe take?"

"Me ya kawo zancen wutsiya?"

"Na ga duk waɗanda nake tsinta tasu ta yi kwana a ƙarshe."

"Ƙofa ce take datse su."

"Su goma sha ɗaya? Lallai ƙofar nan ta iya awo. A ba ni aronta."

Idan aka yi dariya, kai ma ka yi. Sannan ka ce lokaci ya ƙure.

Mataki na 5: Ɓoye shi tun jajibiri

Wannan matakin nawa ne na kaina, ina alfahari da shi. Ranar Juma'a da magariba, kira muzurunka da muryar da ya sani. Zai zo, don ya yarda da kai. Shugaba ya ɗauki Kanar, ya sa shi cikin kwandon wanki, ya kife wani a kai, ya ɗaure da igiya, ya kai ɗakin ajiya ya ja ƙofa. Kada ka sa masa abinci. Ƙosasshen muzuru ƙarfin fasa kwando yake samu.

"Kada kowa ya shiga ɗakin nan sai na dawo gobe," ya ce wa matarsa.

Ta dubi ƙofar, ta dube shi. "Bai ci komai ba?"

"Ko loma."

"To, madalla," in ji ta.

Idan matarka ta yarda da kai cikin sauƙi haka, alama ce hikimarka ta fara ratsa ta.

Mataki na 6: Riƙe lasifika, kada ka riƙe dabba

Ranar Asabar fita da sassafe, ka ce za ka duba benci. Sa fararen kaya, don babu mai miƙa wa mai fararen kaya kyanwa. Ƙofar asibitin ta cika: mata da kwali, tsoho da karensa mai ƙaiƙayi, Makanike da muzuru cikin buhu yana ta zage-zage, shi da muzurun duka. Mutane suna zufa suna shan yakushi, Shugaba yana gefe da lasifika yana yaba musu.

Can sai ga Tela da kwalin keken ɗinki. Ya dire shi kan tebur, ya buɗe. 'Ya'yan kyanwa suka fito ɗaya bayan ɗaya, ja da fari, kowanne ya ɗaga wutsiya. Ƙugiya goma sha ɗaya a jere, kamar bangon shagon sayar da riguna.

Kowa ya juyo ya dubi Shugaba.

"Jama'a," in ji Tela, "ni ba na son rigima. Kowa ya kawo nasa, har Makanike da jini a hannu. A fito mana da Kanar yau, ko a ba wa wani lasifikar."

Ga dabarar: yi jawabi. Dogo. Shugaba ya fara daga haƙƙin dabba a kan ɗan Adam, ya gangaro kan tsaftar kwata, ya ce Kanar ya yi tafiya, ya koma kan baƙin muzuru, ya ƙara masa girma. Yana cikin kwatanta faɗin ƙirjinsa ƙofar asibiti ta buɗe a bayansa.

Likita ce, da kwandon wanki a hannu. Matarsa na biye da ita da igiya a naɗe. Cikin kwandon, Kanar ne kwance kan tawul, ido rabi a buɗe, an sa masa abin wuya na roba kamar mazurari.

"Ga na farko a jerin yau," in ji Likita. "Tun bakwai da rabi aka kawo shi. A kame, a ɗaure, ciki fayau. A duk layin nan mutum ɗaya ne ya bi umarnina yadda na faɗa." Ta nuna Shugaba da haɓa.

Mataki na 7: Karɓi tafin

Kada ka faɗi. Kada ka dubi kwandon. Ɗaga hannu ɗaya, kamar mai cewa ba komai.

Tafi ya ɓarke. Makanike ya ce shi dama ya sani. Tela ya zo ya kama hannun Shugaba da hannu biyu.

"Na yi maka mummunan zato, ranka ya daɗe. Ashe ba-zata ka shirya mana." Ya ɗan matse hannun. "Tunda jikokinka ne, na ware maka uku."

A take aka sake zaɓensa, ba hamayya. Aka ɗauki hoto: Shugaba a tsakiya, farar rigarsa duk gashi, 'ya'yan kyanwa uku suna hawa kafaɗarsa.

"Ɗauki kwandon, Shugaba, da nauyi," in ji matarsa. "Maganinsa safe da yamma ne, kai za ka riƙa ba shi, tunda kai yake yarda da kai. Kuma ka biya ta wajen mai albasa."

Gargaɗi

Na yi maka alkawarin abu biyu, ɗaya ya tabbata, kuma a harkar shugabanci wannan ba ƙaramin sakamako ba ne. Sauran ba ruwana. Ba ni da alhakin abin da matarka za ta yi da kwandon wankinta, ko abin da tela zai auna da idonsa. Idan kwalbatin layinku ta yi shiru, ƙyallayen Tela suka zauna lafiya, muzurunka ya yi ƙiba kunnensa ya warke, kada ka zo mini da godiya, ba nufina ke nan ba.

Haka kuma idan ka dawo daga shago da albasa a leda ka tarar da shi kwance a kujerarka, ya ɗago ya dube ka, ka dube shi, ku biyu kuka juya kuna kallon katanga babu mai niyyar tashi, wannan tsakaninku ne. Ka zauna gefensa kawai. Kujerar tana ɗaukar biyu, na gwada.